Gaisuwar da Ta Fasa Tayil

Makewayin gidanmu na Sabon Birni ba shi da rufi sa'ad da muke yara. Katanga ce ta laka iya kafaɗar babban mutum, a kusurwar yamma, ƙasa kuwa daɓe ne da Inna ta yi da hannunta. Inna ita ce mahaifiyata. A unguwarmu in za a yi daɓen ɗakin amarya, ita ake fara aika wa. Har yanzu ina ganin matan a durƙushe sun jeru, kowace da madaɓinta, suna bugun tsakuwa suna waƙa, ita tana gaba tana yayyafa ruwan makuba. Daɓen makewayinmu baƙi ne sumul, amma ba ya santsi. In ka zuba ruwa sai ya miƙe ya bi rariyar da ke gindin katanga, ya fita waje gindin wani lalle da ta shuka. Lallen nan bai san rani ba. Duk wanda ya yi wanka a gidanmu ya ba shi ruwa, ko ya sani ko bai sani ba.

Da girma ya kama Inna, gwiwoyinta suka fara ciwo. Daɓen ma ya tsufa ya farfashe, damina ta cinye gindin katangar. Wata shekara da gero ya yi kyau, na ce za ni rushe wurin in yi mata na siminti da rufin kwano, a sa tayil irin wanda na gani a Sakkwato lokacin da na kai ta a duba mata gwiwa. Abin da nake so guda ne: Inna ta ci gaba da shiga wanka da ƙafarta, ta fito da ƙafarta, ba wanda ya riƙe ta. Mace ce da ko 'yar cikinta ba ta yarda ta cuɗa mata baya. Na san ranar da za a fara riƙe ta a kai ta makewayi, ranar za ta fara mutuwa.

Magini ya yi gini ya gama lafiya. Da aka zo batun tayil, Inna ta ce me zai sa a kira bare, ga ɗan ƙanenta a Isa ya iya.

Ɗan kawun nan nawa tsarana ne, kuma taubashina, tunda uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Tun muna tsirara muke tare. In an kai ni Isa bayan girbi, tare muke wuni a gulbi, ya ɓoye mini riga in dawo gida ina kare jiki da hannu, ni kuma in zuba masa barkono a fura. Bai taɓa kiran sunana ba. Bawa yake ce mini, wai ɗan mace bawan ɗan namiji ne. Ni kuma in ce masa ɓarawon fura. Muka girma, muka yi aure, muka yi furfura, ba mu taɓa yin magana miƙaƙƙiya tsakaninmu ba. Ko ranar da mahaifina ya rasu, da ya zo ta'aziyya ya zauna kusa da ni, abin da ya raɗa mini shi ne yanzu ba mai fansata. Na yi dariya da hawaye a fuska, kuma ita ce ta'aziyyar da ta fi shiga raina a ranar.

Ya yi wasu shekaru yana cin rani a Maraɗi, can ya koyo aikin. Shi ba ya cewa tayil, karo yake cewa, yadda ake faɗa a can.

Ya iso da hantsi a kan kabu-kabu, da kayan aikinsa a buhun taki. Tun daga zaure ya ɗaga murya.

"Ina bawan gidanga? Shi zo shi ɗauki kayan ubangidanai!"

"Inna, a ɓoye hura," na ce. "Ɓarawo ya shigo gari."

Inna ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ya durƙusa ya gaida ta, Gwaggo kaza Gwaggo kaza, ta dafa kansa kamar yaro.

Tare muka je kasuwa. Ya zaɓi wani fari mai ƙyalli da furanni shuɗɗa, in ka duba sai ka ga fuskarka. Na shafa shi da tafin hannu, na ce anya wannan ba zai yi santsi ba in ya jiƙa?

"Kai da ka tashi kana wanka bisa tsakuwa, mi ka sani ga karo?" in ji shi. "Gwaggona za ta yi wanka awa matar gwamna. Ɗauki kwali, bawa."

Mai shagon ya yi dariya, ni ma na yi, na ɗauki kwali.

Kwanakin da ya yi yana aikin suna cikin kwanaki masu daɗi da na sani a gidan nan. Inna takan sa a shimfiɗa mata tabarma a inuwa kusa da ƙofar makewayin, ta zauna tana tsinkar zogale, shi yana ciki yana kwaɓa siminti yana ba ta labarin Isa: wa ya mutu, wa ya aurar da 'ya, wace tsohuwa ce har yanzu take zuwa kasuwar Kamarawa da ƙafa. Gidan da aka haife ta yake kawo mata a baki. Ta sa maiɗakina ta yi masa tuwon gero da miyar kuka da man shanu. Kullum Bafillatanar da ke kawo mana nono daga ruga sai ta ƙara ludayi, don shi ma yana tsokanarta.

Bakinsa ya fi hannunsa aiki. Na lura ba ya aza ƙarfen nan mai ɗigon ruwa a ciki da magina ke duba daidaito da shi. Na tambaya, ya ce ya baro shi a Isa, idonsa ya fi ƙarfe. Na ga yana ɗora siminti dunƙule-dunƙule a bayan tayil ya manna, ba ya shimfiɗa shi ko'ina. Na nuna masa rariya, na ce gangaren nan za ya bi, akwai lallen Inna a waje.

"Lalle? Kai za ka ƙunsa? Gwaggo, ashe bawanki amarya za ya zama!"

Inna ta rufe baki da mayafi tana dariya. Maganar ta mutu a nan.

Ranar da ya gama, wurin ya yi kyau, ba ƙarya. Matan maƙwabta suka yi ta shigowa kallo. Da suka watse na ɗauki buta na zuba ruwa a tsakiya. Ruwan ya tsaya yana kallona. Can ya rabu biyu, rabi ya zauna inda yake, rabi ya gangaro bakin ƙofa ya jiƙa mini ƙafa. Ko ɗigo bai nufi rariya ba.

"Baƙo na," in ji shi yana ɗaure buhunsa. "Ruwan bai san gidan ba tukuna. Ka ba shi kwana biyu shi saba."

Ya hau kabu-kabu ya tafi.

Ruwa bai saba ba. Kullum sai maiɗakina ta bi shi da tsintsiya. In sabulu ya taɓa wurin, ni kaina da ƙarfina sai na dafa bango. In ka ƙwanƙwasa tayil ɗin sai ka ji yana amsawa kamar ƙwaryar da ba komai a ciki. Ba a daɗe ba ɗaya ya tsage a bakin ƙofa, gefensa ya ɗago da kaifi.

Na kira shi a waya. Ashe yana cikin abokansa, sai ya buɗe murya kowa ya ji.

"Ku saurara, bawana na ƙara! An hidda shi daga turɓaya an aza shi bisa karo, santsi na kwasa tai!"

Na ji dariyarsu har cikin kunnena. Ranar kasuwa na je Isa na same shi, na sake faɗa masa. Ya tashi tsaye yana kwaikwayon yadda wai nake tafiya a makewayi, hannu a buɗe kamar shaho. Har mai shayi sai da ya ajiye butarsa don dariya. Abin haushin, ni ma na yi. Bakina ya saba, da ya jefo sai in mayar.

Wanda ba shi da taubashi ba zai gane wannan ba. Tsakaninku ba ƙofar da maganar gaske za ta shiga. Duk abin da ka faɗa wasa ne. In ka ɗaure fuska, wasa ne ya ƙara daɗi. In kuwa ka yi fushi na gaske, kai ne abin kunya, a ce wane ba ya ɗaukar wasan zumunta. Na yi tunanin kai ƙara wurin Kawu, na san abin da zai ce: ku dai ba ku girma. Na yi tunanin kiran wani mai tayil ya fasa ya sake, amma labari zai kai Isa kafin siminti ya bushe, kuma Inna ce za ta kwana da ciwon an tozarta ɗan ƙanenta a gidanta.

Ita kuwa ba ta ce komai ba. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta kawo mini kukan makewayi. In na ce, "Inna, ya wurin wankan?" sai ta kau da kai ta ce, "Ya yi kyau. Allah shi yi albarka."

Lallen ne ya fara magana. Ganyensa ya yi rawaya, ya fara zuba.

Wata rana fartanyata ta karye, na dawo daga gona kafin azahar. Da na zagaya bayan rumbu in ɗauko wata ƙota, sai na ga ƙasa a jiƙe, an jingina tsohon zana, ga bokiti ga soso a kan dutse. Na kira maiɗakina na tambaye ta. Ta shiga murza bakin zane. Da na matsa, ta ce Inna ta sa ta yi alkawari ba za ta faɗa ba. Kwanakin baya santsi ya kwashe Inna a makewayin, Allah ya sa ta kama ƙofa, amma wuyan hannunta ya kumbura. Tun ranar ba ta sake shiga ba. Takan jira maza su fita, ta lallaɓa bayan rumbu, maiɗakina ta tsaya mata gadi.

"Don Allah kada ka nuna ka sani," in ji ta. "Cewa ta yi in maganar ta kai Isa, dariya za a yi da ita."

Da la'asar na zauna kusa da Inna. Hannunta na dama yana cikin mayafi, da hagu take jan carbi. Matar da ta daɓe ɗakunan rabin unguwa, ga ta tana wanka a ɓoye bayan rumbu kamar baƙuwa, a gidan da ta yi shekaru tana sharewa. Kuma ni na rushe mata wurinta.

Ta yi gaskiya. In na je na ce wa taubashina Gwaggonsa ta faɗi, a bakin da muka saba, kafin ya gane ya riga ya mayar da shi abin dariya a gaban mutane. Sai na fara sa shi ya ji ni tukuna.

Washegari na yi wanka, na sa babbar rigata ta Juma'a da hula, na sayi goro mai kyau aka ƙunsa mini a ganye. Maiɗakina ta tambaya ko ɗaurin aure za ni. Na ce Isa za ni.

Na same shi inda ya saba zama, gindin dogon yaro kusa da mai shayi, da mutane biyar ko shida. Ya hango ni tun daga nesa.

"Jama'a, ga bawa ya ari riga!"

Na tsaya nesa kaɗan, na tuɓe takalmana, na tako a hankali na durƙusa a gabansa kamar yadda ake yi wa babban malami.

"Salamu alaikum. Malam, ina wuni? Ina gajiya? Yaya iyali?"

Ya buga cinya. "Yau bawa ya san ubangidanai! Ku shaida!"

Aka yi dariya. Na jira ta lafa, na ajiye goron a gabansa da hannu biyu.

"Malam, daga Sabon Birni nike. An ce mani kai ka aikin tayil garinga. Ina da tsohuwa mai ciwon gwiwa. Alfarma niz zo nema, in Malam na da lokaci shi zo shi duba muna makewayi."

"Kai, bari! Ɓarawon hura dai, hwaɗi mana."

"A'a, Malam. Ni ban isa ba."

Dariyar ta ragu. Ya dube ni, ya dubi takalmana can a ajiye, ya dubi goron. Ya sake jefo wata, wai rigar ta fi ƙarfina, ba wanda ya taya shi. Ni dai ina durƙushe, idona a ƙasa. Gwiwata ta fara zafi. A raina kuwa ji nake kamar na ɗauki wuƙa ina yanka wani abu da muka shekara arba'in da wani abu muna saƙawa.

Wani dattijo da ke gefe ya ajiye kofinsa ya ce, "Kai, tashi ka ji ɗan'uwanka. Wanga ba wasa na ba."

Ya tashi ya kama hannuna ya ja ni bayan wata katanga.

"Mi niy yi maka? Zage ni mana. Don Allah ka zage ni."

Na ce, "Bayan rumbu taka wanka."

Ya saki hannuna. Can ya ce, "Gwaggo?" Na ɗaga kai. Ya ce, "Ta hwaɗi?"

Ban ce e ba, ban ce a'a ba, saboda alkawarin maiɗakina. Ya jingina da katangar ya rufe fuska da hularsa. Na koma na sa takalmana na nufi tasha.

Da sassafe sai ga shi, ba kira daga zaure. Ya yi sallama kamar kowa. A buhunsa akwai guduma, da ƙarfen nan mai ɗigon ruwa. Ya durƙusa gaban Inna ya miƙa mata goron da na kai masa. Ta karɓa da hagu. Na ga idonsa ya sauka a kan mayafin, ya ɗauke.

"Gwaggo, hwasa wurin nan za ni yi."

"Hwasawa? Abu mai kyau haka? Wa yac ce maka bai yi ba?" Ta harare ni ta gefen ido.

"Ba kowa. Ni na bai yi ma ba. Tun da nit tahi launin ke damuna, ya cika hwari."

Inna ta dube shi ta daɗe. Ta san ƙarya yake, shi ma ya san ta sani. Ta ce, "To, tunda kai na bai yi ma ba."

Ya cire su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu da ɗan taɓawa suke tashi, don ba abin da ya riƙe su sai dunƙulen siminti. A nan ya faɗa, ba tare da ya dube ni ba, cewa irin wannan na bango ne, ƙyallin ne ya ruɗe shi. Waɗanda ba su fashe ba ya manna su a bango, inda ya kamata su zauna tun farko. Ya koma kasuwa da kansa ya kawo wani ja-ja mai kaushi kamar bayan tukunya. Ya kankare ƙasan, ya sake zuba yashin gulbi da siminti, yana aza ƙarfensa yana dubawa. Ya sa aka matso da tabarmar Inna bakin ƙofa.

"Gwaggo, ina ruwa ka bi can da?"

Ta nuna da sandarta. "Nan. Ɗaga wancan gehen kaɗan. Ba haka ba, ka yi yawa."

Aikin ya yi kyau, amma gidan ba daɗi. Ni nake kwaɓa masa siminti, in na miƙa sai ya ce, "Na gode, Malam." Ya mayar mini da abina. Duk sanda ya faɗa sai in ji kamar an mare ni. Muka yi kwanaki muna aiki kamar waɗanda suka haɗu a mota. Bafillatana ta kawo nono, ta tsaya tana jiran tsokana, ba ta samu ba, ta tafi tana waiwaye. Inna ta ce, "Mi ya shiga tsakaninku? Gida ya yi shiru awa gidan makoki."

Da siminti ya kama, Inna ta ce a ba ta buta. Ta dogara sandarta ta shiga ba takalmi. Ta goga tafin ƙafarta a ƙasa, ta sake gogawa. Ta tsiyaya ruwa a tsakiya. Ruwan ya taru, ya miƙe, ya bi rariya ya fice. Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba. Ta leƙo ta ce wa maiɗakina, "Kawo mani bokiti da soso." Aka kai mata. Ta jingina sandar a waje, ta ja ƙofa ta rufe.

Mu biyu muka zagaya bayan katanga muka tsaya gindin lallen, wanda saura 'yan ganye a kansa. Muna jin ƙarar ruwa daga ciki. Can sai ga shi ya ɓullo ta rariya da kumfar sabulu, ya kwanta a gindin itacen, ƙasa tana sha. Muka yi ta kallo. Na ga in na bari ya hau kabu-kabu a haka, Malam za mu yi ta kiran juna har kabari.

Na ce, "Ni dai na gane. Da gangan ka ɓata aikin hwarko, don ka dawo ka ƙara cin tuwon Inna."

Bai juyo ba. Ya ja hanci, ya goge ido da bayan hannu mai siminti.

"Ji bawa," in ji shi. "Wa ya ba ka izinin tsayawa kusa da ni? Tahi ka wanke mani cebur."

Daga ciki muka ji Inna tana dariya, ruwa yana zuba.

Ta yi shekaru tana shiga wurin nan da ƙafarta. Sai a ciwonta na ƙarshe ne aka riƙe ta, shi ma ba daɗewa. Yanzu hanyar Isa ba ta biyuwa yadda muka saba, shi kuma ya kwashe iyalinsa ya koma Sakkwato, sai mu shekara ba mu ga juna ba. Kwanan baya ya kira ni, wai ya ji bawa ya shiga makarantar manya da furfura, ko an koya mini rubuta sunan ubangidana. Na ce an koya mini, ɓarawo da ɓa mai ƙugiya ake fara shi. Ina wayar ina tsaye gindin lallen. Ya fi katangar tsawo yanzu, jikokin Inna mata suna tsinka in sallah ta matso.